Gyaran Fatar Jirgina, Daga Maris Zuwa Mayu

Asabar, 1 ga Maris

Yau muka fito da jirgin daga ruwa muka ɗora shi kan tirela. Na faibagilas ne, tsawonsa mita 5, shekararsa 15 a duniya, biyar daga ciki a hannuna. Sai da ni da ƙanena muka wanke shi tas, gansakuka da dauɗa suka fita, sannan ya fara nuna mana abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Na ɗauki fensir na zagaye shi ina yi wa kowane ciwo da'ira. A goshinsa ta dama akwai ƙwarzane mai zurfi, tsawon santimita 20, inda na goga shi da kankaren bakin ruwa bara. Har ana hango zaren gilashin da ke ƙasa. A gefen hagu, daidai inda jikinsa ke zama kan ɗaya daga cikin tayoyin robar tirela, akwai tsatstsaga irin ta saƙar gizo-gizo, faɗinta kamar tafin hannu. Daga layin ruwa zuwa ƙasa kuma na ƙirga bororo 14, wasu kamar kan ɗan yatsa, biyu sun kusa girman murfin kwalba. Ban da waɗannan, jikin gaba ɗaya ya yi fari-fari ya dushe, in ka shafa hannu sai ka ga gari kamar na alli. Aikin rana ne wannan.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ba sai mu sayo fenti mu shafe ba?" Nan na zaunar da shi. Farin abin nan mai ƙyalli da ake gani a jikin jirgin faiba jelkot ne, wato rezin ɗin poliyesta (wani ruwa mai kauri kamar ƙaro da ke daskarewa ya yi tauri) da aka zuba wa launi. A masana'anta shi ake fara fesawa cikin mazubi, daga baya a shimfiɗa zaren gilashi da rezin a bayansa. Ana gina jirgin ne daga waje zuwa ciki, fata kafin nama. Kaurin fatar bai wuce rabin milimita ba, ko ya ɗan ɗara kaɗan, kuma ba ta da zare a cikinta, shi ya sa take da tauri amma ba ta iya lanƙwasa. Aikinta ta tare ruwa da rana. Ƙarfin jirgin yana can ƙarƙashinta.

Kafin duhu na bi jikin ina ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Inda lafiya lau, sautin na fita da kaifi, kas-kas. A wajen saƙar gizon sai na ji ya ɗan dusashe, tub-tub. Na ji, na kuma ce wa kaina ai tayar tirela ce a ƙasa take cinye sautin.

Lahadi, 2 ga Maris

Da bororon na fara, domin su ne za su fi cin lokaci. Na sa tabarau na kariya da safar hannu, na huda na farko da tsinin kurfi. Ruwa ya yi tsartuwa ya bugi gilashin tabaraun, mai launin ƙasa-ƙasa, yana warin binega. Ba don tabaraun ba da a idona zai sauka, kuma ruwan mai asid ne.

Yadda abin ke faruwa ya daɗe yana ba ni mamaki. Jelkot ba ya hana ruwa ɗari bisa ɗari. A hankali, shekara da shekaru, laima na ratsa shi, ta tarar da ɗan kogo ko ragowar sinadaran da ba su gama haɗuwa ba tun ranar da aka ƙera jirgin, ta narkar da su. Ruwan da ya taru a nan ya fi na waje kauri, sai ya riƙa janyo wani ruwan ta cikin fatar, shi kuma ba ya iya komawa. Matsi ya ƙaru, fata ta kumbura. Jirgin da ke kwana cikin ruwa wata da watanni shi ya fi kamuwa, nawa kuwa haka na bar shi shekara biyu.

Na sa ƙaramin injin gurza na buɗe kowane ɗaya, na cire duk abin da ya yi laushi har na kai ga zare mai tauri wanda rezin ya jiƙa sosai, na kwantar da gefunan kamar faranti. Goma sha biyu a ƙarƙashin fata kawai suka tsaya. Manyan biyun sun ɗan shiga cikin shimfiɗar farko ta zare.

Daga nan na wanke ramukan da ruwa mai tsabta da burushi. Ƙanena ya tsaya yana kallona, wai mutum na son abu ya bushe kuma yana zuba masa ruwa. Ai sinadaran da ke cikin ramin su ne ke riƙe laima. In ba a wanke su sun fita ba, wurin zai yi kamar ya bushe, sai kuma ya sake tsatsafowa. Na ɗora masa aikin wankewa duk bayan kwana biyu.

Laraba, 5 ga Maris

Kaya sun haɗu. Farin jelkot gwangwani ɗaya, kwalbar MEKP, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, asiton na wanke maiƙo da datti, garin silika mai sa kauri, ƙananan kwalaben launi huɗu, tabarmar zaren gilashi mai nauyin giram 450 a murabba'in mita, rezin ɗin poliyesta, da ifoksi, wani nau'in rezin daban, saboda ƙasan ruwa. Samfefa tun daga mai kaushi lamba 80 har mai laushi lamba 1500. Takunkumi mai gwangwani biyu irin mai tace tururin sinadarai, domin na ƙura ba ya tare warin sitairin, sinadarin da ke cikin jelkot da rezin ɗin poliyesta.

MEKP na ajiye shi shi kaɗai a inuwa, nesa da asiton da tsummoki. Ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum.

Asabar, 8 ga Maris

Yini guda cur na ɓata kan launi, ban taɓa ciwo ko ɗaya ba, kuma ban yi nadama ba.

Kowa zai ce jirgin fari ne. Da na ɗiga farin gwangwani a jikinsa sai ya fito fat, kamar sabon haƙori a tsohon baki. Shekara 15 na rana sun juya farin jirgin zuwa wani abu mai ɗan ruwan ɗorawa da ɗan toka-toka. Kuma ba da dusasshen saman ake gwadawa ba, tunda za a goge shi daga baya. Sai na zaɓi wuri kusa da ƙwarzanen, na bi shi da samfefa 1200 da ruwa, na goge da man gurza har ainihin launin ya fito, na mai da shi wurin gwaji.

Na zuba mililita 200 a kwalba mai murfi, ba tare da MEKP ba, don in sami lokaci yadda nake so. Launin kuwa da tsinin tsinke nake ɗebowa. Ɗigon rawaya ɗaya, in juya sosai, in ɗiga a wurin gwaji, in shafe da yatsa, in ja da baya in duba, in goge da asiton. Sau uku rawaya, har ya fara kama hanya amma ya yi haske da yawa. Na ƙara ruwan ƙasa kaɗan, ya matso. Sai na yi gangancin taɓa baƙi. Abin da tsinken ya ɗauko bai kai kan allura biyu ba, amma nan take kwalbar ta koma launin siminti. Baƙi ba ya yafiya. Dole na ƙara farin mililita 100 kafin ta dawo hayyacinta, wanda ke nufin yanzu ina da haɗin da ya fi buƙatata. Hakan ma alheri ne, gara ya yi saura da in sake neman launi iri ɗaya a karo na biyu.

Na lura idona na yaudarata in na daɗe ina kallo, komai sai ya koma iri ɗaya. Don haka nakan juya baya in kalli wani abu can nesa, sannan in waiwayo da sauri. Kallon farko shi ke faɗin gaskiya. Na gwada a rana, na gwada a inuwa. Da yamma na ɗebi kaɗan na sa masa MEKP na bar shi ya daskare kan leda, gobe in ga ko launin zai motsa. A murfin kwalbar na rubuta adadin ɗigon kowane launi.

Lahadi, 9 ga Maris

Launin ya zauna. Na shiga ƙwarzanen goshi.

Kafin samfefa ta taɓa wurin, sai da na wanke shi da asiton, tsumma ɗaya na shafawa, wani busasshe na ɗauke dattin kafin ya bushe. In aka fara gurza kafin wanki, tsohon kakin folish ne za a tura cikin ramin, sabon jelkot kuma ba zai kama ba. Na kwantar da bakin ƙwarzanen da samfefa 80 har gefunan suka zama gangare maimakon gaɓa mai kaifi, na duba zaren da ke ƙasa, bai karye ba, goguwa kawai ya yi. Na zagaye wurin da salatif na takarda, na bar tazarar milimita biyu zuwa uku.

Mililita 30 na ɗebo a kofin takarda marar kaki. Kofin soso na roba kuwa sitairin narkar da shi yake yi, na taɓa ganin haka da idona. Na zuba silika har haɗin ya yi kauri kamar man goge baki, sannan MEKP kashi 2 cikin 100, wato mililita 0.6, da sirinji na auna. Zafin wurin digiri 24 ne, daidai yadda ake so. Ƙasa da digiri 15 ba ya daskarewa da kyau, in kuma zafi ya yi yawa sai ya kama tun yana cikin kofi. Na juya minti ɗaya cikakke ina kankare gefen kofin, na danna shi cikin ramin da wuƙar roba don iska ta fita, na bar shi ya ɗan yi tozo, saboda poliyesta na motsewa in ya bushe. Cikin minti 15 ragowar da ke kofin ta yi tauri ta ɗau zafi har ba a iya riƙewa. Na cire salatif tun kafin ya gama kamawa.

Na tafi gida ina jin kaina gwani.

Litinin, 10 ga Maris

Na taɓa shi da safe, ya manne min a yatsa. Ƙasa da tauri, sama kamar ƙaro. Samfefa na ɗorawa ta toshe nan take.

Akwai wani dattijo da ke gyaran jirage a filin da muke ajiya, na je na same shi da yatsana mai danƙo. Bai ko tashi ba. Ya ce, "Ɗana, gwangwaninka mai kaki ne ko marar kaki?" Na ce, "Baba, ban duba ba." Ya yi dariya har da tari.

Marar kaki ne. Jelkot an yi shi ne don ya daskare a jikin mazubi inda iska ba ta taɓa shi, kuma iskar da muke shaƙa tana hana samansa kammala daskarewa. A masana'anta hakan amfani ne, domin danƙon bayan shi ke kama zaren da za a ɗora. A gyara kuwa dole a raba shi da iska: ko a zuba masa ruwan kaki, wanda ke tasowa sama ya rufe shi yayin da yake bushewa, ko a fesa masa PVA, wani ruwa da ke bushewa ya zama siririyar fata mai wankuwa da ruwa, ko a lulluɓe shi da leda mai santsi. Gwajin da na yi ranar Asabar ta gefen da ya kwanta kan leda na duba launinsa, ban taɓa bayansa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Baba ya ce kada in tono. In goge danƙon da asiton, in ɗan kankare, in ƙara siririn shafi, in rufe da leda mai kauri in matse iska daga tsakiya zuwa gefe. Haka na yi.

Asabar, 15 ga Maris

Ledar ta ɓare cikin sauƙi, ƙasa da tauri kamar tangaran. Na naɗe samfefa a jikin ɗan katako mai faɗi, domin yatsa na bin rami da tudu ne, katako kuma yana yanke tudu ya bar rami. Na sake manna salatif a gefuna, na fara da 220 har na fara cin salatif ɗin, na cire shi, na koma 400 da ruwa. Kafin kowace lamba nakan zana wurin da fensir. In zanen ya ɓace gaba ɗaya, wurin ya daidaita. Daga 400 zuwa 600, 800, 1000.

A kan 600 na yi ɓarna. Akwai ɗan tudu a ƙarshen facin ta sama, na dage a kansa, ashe katakon ya karkata yana cin tsohuwar fatar da ke gefe. Sai na ga wata inuwa mai duhu tana tasowa, faɗin ɗan yatsa. Rezin ɗin ƙasa ne ke haskowa. Rabin milimita ba wani abu ba ne, balle wanda aka yi shekaru ana gogewa, kuma a lanƙwasar goshi ya fi sirantaka. Na ajiye samfefar. Sai dai feshi, kuma ba yau ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Saƙar gizo. Na ɗan ɗaga jirgin da jak na matsar da tayar, na bi kowane layin tsaga da ƙaramin injin mai tsinin baki, na buɗe shi ya zama kwari mai siffar V har zuwa kan zare, na ɗan wuce ƙarshen kowane layi don kada ya ci gaba da tafiya. Layuka 11. Shafa jelkot a kan tsaga ba tare da an buɗe ta ba aikin banza ne, ba ya shiga, gada kawai yake yi a sama. Na cike su, na rufe da leda. Wannan karon komai ya tafi daidai.

Baba ya biyo ta wurin, ya danna gefen facin da babban yatsa, ya ce, "Ka leƙa ta ciki?" Na ce akwai daɓen katako a wurin, sai an kwance sukurori da yawa. Ya ce, "To." Ya wuce.

Asabar, 22 ga Maris

Ranar Alhamis na goge facin har 1000, ya yi kyau ƙwarai. Yau aka ce mu matsar da tirela zuwa ɗaya gefen filin, tafiyar da ba ta kai mita 100 ba, sai dai akwai gargada. Da muka tsaya na zagaya. Layuka huɗu sun dawo, sirara kamar gashi, biyu a cikin sabon jelkot, biyu a gefensa.

Na zauna kan tayar tirela na daɗe ban ce komai ba. Sautin nan na ranar farko na ji shi. "To" ɗin Baba ma na ji shi.

Lahadi, 23 ga Maris

Sukurori 18, uku sun yi tsatsa sai da na huda kansu. Da daɓen ya tashi na haska tocila, ga abin a fili: zaren ya yi fari fat a wuri mai faɗin tafin hannu, alamar ya rabu da rezin ɗinsa, da tsaga ɗaya a tsakiya. In ƙanena ya danna daga waje ina ganin wurin yana numfashi. Tayar tirelar nan ta fi sauran tsayi da kusan santimita 2, kuma tana zaune ne tsakanin haƙarƙari biyu, inda jikin jirgin ba shi da madogara. Duk ramin da muka faɗa a hanya tsawon shekaru, nan nauyin ke sauka. Naman na lanƙwasawa, fatar da ba ta iya lanƙwasa tana tsagewa. Ko sau goma na cike ta daga waje, sau goma za ta dawo.

Na sa injin gurza da faifai mai kaushi na cinye farin zaren har na kai ga mai duhu mai lafiya, zurfin milimita 3. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce gangaren 12 bisa 1: kowace milimita ta zurfi, milimita 12 na gangare a gefe, don sabon zare ya sami fili mai faɗi da zai kama. Nawa ya kama milimita 36 ko'ina, na mai da shi santimita 4. Ƙurar gilashi ta shiga wuyan rigata duk da na ɗaure, daren nan akwai susa.

Na yanka tabarmar zare gida huɗu, kowace ta fi ta bayanta ƙanƙanta. Masu sana'ar sun rabu kan wadda za a fara sawa, babba ko ƙarama. Ni babbar na fara kwantarwa, don ta kama gangaren gaba ɗaya kai tsaye, kuma in an zo gurza daga baya ƙananan ne za a ci. Na jiƙa kowace da rezin ina daddanawa da burushi har farin ya ɓace ta zama garau, na bi da ƙaramin abin birgima na ƙarfe na kori kumfa. A kai na ƙara shimfiɗa biyu masu faɗi da suka haɗe haƙarƙarin biyu. Tururin sitairin ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa, daidai inda kaina yake, don haka fanka na hura min tun daga farko har ƙarshe.

Tayar ma na sauke ta, na matsar da ita ƙarƙashin haƙarƙari.

Asabar, 29 ga Maris

Ciki ya yi tauri, ƙanena ya danna da ƙarfinsa ko motsi. Sautin ya koma kas-kas. Na sake buɗe layuka huɗun na cike.

Sai feshin goshi. Na kankare wuri mai faɗi fiye da inuwar da samfefa 320, na tsinka haɗin launin da ɗan sitairin, na zuba a ƙaramar kwalbar feshi ta Preval. Shafi uku sirara, ina ba kowanne 'yan mintoci, ina faɗaɗa kowane shafi kaɗan don gefen ya baje. A na ƙarshe kaɗai na sa ruwan kaki. In aka sa a na farko, na biyu ba zai kama ba sai an goge. Ya fito da kaushi, haka feshin jelkot yake, ba ya kwanciya kamar fenti. Samfefa za ta gyara.

Asabar, 5 ga Afrilu

Wata guda da buɗe bororo. Jiya na manna leda a kan ramuka biyar na rufe gefuna ruf da salatif. Da safe uku a bushe, manyan biyun sun yi gumi a cikin ledar. Ba su shirya ba. Wanki ya ci gaba.

Na goge goshi da gefen hagu har 1500. Wannan karon ina ƙirga yawan shafawar, ina tsayawa ina dubawa.

Asabar, 19 zuwa Laraba, 23 ga Afrilu

Leda ta kwana biyu a bushe a duk ramukan 14. A nan ban yi amfani da jelkot ba. Ƙasan ruwa ifoksi ya fi dacewa, ya fi poliyesta hana laima, ya fi shi kama tsohon jiki, kuma ba ya motsewa sosai. Launi kuwa ba wanda zai gani. Abin lura shi ne ifoksi na zama lafiya kan poliyesta, amma jelkot kan ifoksi yana da wuyar sha'ani, shi ya sa ban kai shi sama da layin ruwa ba. Awonsa ma daban: ba a ƙara sinadarin daskarewa don a hanzarta shi kamar yadda ake ɗan yi da MEKP, abin da kamfani ya rubuta shi ake bi daidai.

Na fara jiƙa kowane rami da tsinkakken ifoksi, manyan biyun na sa musu 'yan guntayen ƙyallen zare, sannan na cike duka da mai kauri. Washegari saman ya yi wani maiƙo-maiƙo, wanda ruwa da soso ke wankewa. Na wanke kafin in goge. Ranar Talata da Laraba na kankare ƙasan jirgin gaba ɗaya da 80, na shafa ifoksin kariya shafi huɗu, na biyo da fentin hana gansakuka.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ranar ƙyalli. Injin folish a gudu kaɗan, da gammon ulu da man gurza, yanki-yanki, ba na barin injin ya tsaya wuri ɗaya don zafi na ƙona jelkot, a kan kusurwoyi kuma da hannu nake bi. Garin allin ya tafi, launin da na gwada tun 8 ga Maris ya fito a jikin gaba ɗaya. Na bi da folish mai laushi, na rufe da kaki shafi biyu. Kafaɗuna sun san an yi aiki.

Na ce wa ƙanena ya nemo facin goshi. Ya yi minti biyu yana lalube kafin ya nuna, shi ma don ya san wurin. Na gefen hagu kuwa in rana ta yi ƙasa ta haska shi a karkace, ana ganin ya ɗan fi kewayensa haske. Baba ya duba ya ce sabo da tsoho ba sa tsufa tare, nan da shekara biyu zan fi ganinsa. Ya danna wurin da babban yatsa kamar wancan karon, ya ƙara dannawa, ya ce, "Yanzu ka yi gyara."

Asabar, 3 ga Mayu

Mun ja tirela kilomita 12 zuwa bakin ruwa, har da wani yanki mai ramuka da na saba kauce wa, yau da gangan na bi ta kai. Kafin mu sauke jirgin na durƙusa da tocila a gefen hagu, na shafa hodar fensir a wurin na goge, domin ko tsagar da ido ba ya gani tana riƙe baƙi. Babu layi ko ɗaya.

Awa uku muka yi a ruwa, muka buga igiyar ruwa da gangan sau da dama. Na ɗaga daɓen da na bari ba sukurori, ƙasa a bushe.

Asabar, 10 ga Mayu

Na fito da shi bayan mako guda, daga yanzu a kan tirela zai riƙa kwana. Gwajin fensir ya sake fita da tsabta. A bayan jirgin, kusa da inda injin ke ɗaure, na ga wasu sirara biyu da ban yi wa da'ira ba ranar farko, suna fitowa daga ramin ƙusa. Na ƙwanƙwasa, na saurara sau biyu. Gobe zan sauke injin in leƙa ta ciki. Haɗin launin da ya rage a kwalba ya kai mililita 120.